Yadda Baba Ya Raka Jirginki

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce mai yawa daga yayarki, tare da addu'ar Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya lau, ke da maigidanki da ƴar baƙuwarmu da har yau ba mu riƙe a hannu ba sai dai a hoto. Allah ya raya mana ita, ya ƙara miki lafiya da natsuwa a aikinki, ya sa kullum ki tashi lafiya ki sauka lafiya. Mu ma nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da bakinta, ciwon gwiwar ya yi sauƙi tun da ta yarda ta daina wanki a tsugune. Baban yara an dawo da shi aiki kusa da gida, yanzu da rana tsaka sai ki gan shi ya faɗo yana buɗe tukwane. Yaran suna makaranta, babbar ta fara cewa ita ma jirgi za ta tuƙa, na ce ta fara iya riƙe tsintsiya tukuna. Ni kuwa ina nan a ɗakin jinyar maza kamar yadda kika bar ni, kullum cikin faɗa da tsofaffi masu ɓoye magani a ƙarƙashin filo.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki, alhali ga waya, shi ne kiran da kika yi ranar nan bayan kin sauka. Ina tsaye kusa da Baba, na ji muryarki kina tambaya ko an gan ki. Na kuma ji amsar da ya ba ki, wai an gani, Allah ya yi albarka, daga nan ya miƙa wa Inna waya. Na san kin ajiye wayar nan jikinki a sanyaye, kina ganin duk ɗokin da kika yi ya tashi a banza. To ki kwantar da hankalinki. Kin san Baba, kafin magana ta fito bakinsa sai an sha wuya, kuma abin da ya fi taɓa shi, shi ya fi yi wa shiru. Abin da ke bayan wannan gajeriyar amsa ba zai faɗu a waya ba, don ni kaina duk lokacin da na fara ba da labarin sai murya ta gagare ni.

Kin san ɗabi'arsa tun muna yara. Babu ɗansa da zai yi tafiya, ko ta kwana ɗaya ce, bai taka masa har kwanar layi ba, wajen turken fitilar nan. Ya tsaya ya dafa kanka, ya yi addu'arsa a ciki, kuma ba zai juya ba sai ka ɓace masa. Ni da aka kai gidan miji a layi ɗaya da namu, gidan ma bai kai kwanar ba, sai da ya raka ni har can sannan ya dawo da ni baya, kina ta dariya har da faɗuwa. Ke kaɗai ce kika bar gidan nan ba rakiya. Zuwanki na ƙarshe yana kwance an yi masa aiki, ranar tafiyarki bai gama farfaɗowa ba, kika riƙe hannunsa kika yi sallama bai sani ba. Wataƙila ke kin daɗe da mantawa, shi kuwa abin yana nan yana cinsa. Inna ce ta gaya mini, duk sa'ad da aka ambace ki sai ya ce Auta ta fita daga gidansa kamar marar uba.

Don haka da saƙonki ya zo cewa an canza miki hanya, jirginki zai ratsa sararin samanmu, kuma ranar ce za ki fara zama a kujerar hagu a matsayin babbar matuƙiya, gidan nan ya ɗauka. Inna ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Baba kuwa ya sake tambayar ranar, washegari kuma ya sa aka goge masa farar rigarsa ta fita. A saƙon ne kika tuna mini da ƴar kwamfutar nan mai girman tafin hannu da kika haɗa mana a wancan zuwan, da eriyarta a saman bene, wadda kika ce tana sauraron jiragen da ke wucewa ta zana su a taswira. Gaskiya a lokacin ba wanda ya ba ta hankalinsa, muna ta zirga-zirgar asibiti. Tana nan bayan talabijin ta sha ƙura, Inna tana kiranta akwatin ashanar Auta, har tana ɗora rimot a kai. Kika ce manhajar da ke cikinta ta tsufa, katin memorin ma ya gaji, dole a sabunta komai kafin ranar, kuma ni za ki ɗora wa aikin tunda na iya saita na'urorin asibiti. Na ce Allah ya isa tsakanina da ke, amma na karɓa.

Na bi saƙonnin muryarki ɗaya bayan ɗaya, ina saurare ina tsayarwa. Na kashe ta, na zare tsohon katin, abu bai fi farce ba, na ajiye shi cikin kwalbar magani don kada Inna ta share shi. Washegari bayan na tashi daga aiki na sayo sabo, na sauke sabuwar manhajar a kwamfutar baban yara, na rubuta ta a katin, na sa sunan intanet ɗin gida da kalmar sirrinsa a inda kika ce. Na mayar da katin, na soka ƴar sandar rediyon nan mai kama da filashi, na ɗaure wayar eriya a bayanta, na yi bisimilla na ba ta wuta. Jar fitila ta kama, koriyar ta shiga ƙiftawa. Da na buɗe adireshinta a wayata sai ga shafi ya fito yana tambayata a ina gidan yake a doron ƙasa, da tsayin eriyar. Wurin na nuna shi a taswira, har na ga rufinmu da tankin ruwa. Tsayin kuwa Baba na tambaya, ya faɗa mini nan take ba tare da ya ɗaga kai ba. Da ina da wayo da na tambayi kaina yadda aka yi ya san tsayin eriyar haka daidai, amma murna ta rufe mini ido.

Taswira ta buɗe tsaf, ga hanyoyi, ga kogi, ga ɗigon da ke nuna gidanmu a tsakiya da zobba kewaye da shi. Jirgi kuwa ko ɗaya. Kin ce wani lokaci takan ɗan jima, na jira har shayina ya huce. Na kashe na kunna. Na ce ko na yi kuskure wajen rubuta katin, na goge na sake daga farko. Washegari da na dawo daga aiki na sake, har na haddace matakan ina iya yin su ina hira. Kullum abu ɗaya: taswira kyakkyawa, sama wayam, wurin da ke ƙidaya saƙonnin da ta ji yana nuna sifili. Baba yakan zo ya tsaya a bayana da sandarsa, ya leƙa, ya koma kujerarsa. Bai taɓa tambayata ko ta gyaru ba, kuma wannan shirun ya fi tambaya nauyi a kaina.

Da abin ya ishe ni na kira mai gyaran wayar nan na bakin titi, wanda kuka yi firamare tare, yanzu har ya yi tumbi. Mutumin kirki, ya zo da jakar kayansa. Ya ce wataƙila cajar ce ba ta ba ta isasshiyar wuta, muka canza. Ya shiga saituna ya ƙara mata ƙarfin sauraro, ya rage, ya mayar yadda yake. Ya gwada sandar rediyon a kwamfutarsa ya ce lafiyarta ƙalau. A ƙarshe ya share gumi ya ce na'urar nan tana da rai, kurma ce kawai, a duba eriya. Ke ma kin faɗi haka a saƙonki na ƙarshe. Ni kuwa na ce babu abin da zai taɓa eriya, domin tun da likita ya hana Baba hawa matakala na sa kwaɗo a ƙofar saman bene, makullin yana jakata, ba wanda ya hau. Daga titi kuma ba a hango ta, tanki ya kare. Muka tattara laifin duka muka ɗora wa sabuwar manhaja, har na fara cewa da na sani da na bar tsohuwar. Ban kira ki ba, don ba zan sa damuwar akwatin ashana a kan mai shirin ɗaukar rayukan jama'a ba.

Ranar ta zo a haka. Na karɓi hutu a wurin aiki, na iso gida da hantsi na tarar Baba ya yi wanka ya sa farar rigar, ya sa turare, yana zaune a falo da sanda a tsakanin gwiwoyinsa, alhali kin ce sai wajen la'asar za ki wuce. Da na gan shi haka ban tsaya a falon ba. Na shige kicin na zauna a kan buhu, na ce wa Inna na kasa, ban san da wane baki zan gaya masa ba. Inna tana yanka albasa tana rarrashina, wai kada in kashe kaina, kowa ya ga na yi iya yina. Sai ta ƙara da cewa ko ba komai dai ruwan sama ba zai lalata sandar Auta ta saman bene ba, bayan duk wahalar da malam ya sha wajen yi mata sutura. Na ce wace sutura? Ta ci gaba da yanka albasar da ta riga ta yanku. Da na matsa mata sai ta ce ita fa an ce kada ta faɗa, kuma ita gadin ƙofa kawai ta yi. Auta, na manta mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙera ƙofofi da sakata, kwaɗon kasuwa ba ya hana shi shiga ko'ina.

Na kira baban yara muka hau. Muna zagaya tanki sai ga ta. Baba ya yi wa eriyarki riga ta kwano tun daga gindi har sama, ya ɗora mata hula mai tsini da ɗan baki kewaye don ruwa ya zube gefe. Kin san aikinsa: ba abin da zai gani a waje kai ba hula ya iya barci. Mitar wutarmu tana da hula, bututun tanki yana da hula, fitilar kwana tana da hula, har ƙararrawar ƙofar maƙwabta. Ashe ranar da na kashe na'urar, da ya ji ana ta maganar sabuntawa, sai ya ga kowa yana yi wa zuwanki hidima ban da shi. Ya jira na tafi aiki, ya hau ya auna, ya sauko ya fito da almakashinsa da gudumarsa da ya daɗe bai taɓa ba, ya sake hawa ya ɗaura. Ɗinkin kwanon nan ko a shagonsa ban ga ya yi mai kyansa ba. A saman hular kuma ya huda hoton ɗan jirgi da ƙusa, ɗigo-ɗigo. Baban yara ya fashe da dariya, ni ma na fara, sai na ji hawaye suna zuba.

Na kira mai gyaran waya na kwatanta masa, ya yi salati ya ce ai shi ke nan, ƙarfe ba ya barin saƙon ya ratsa, mun toshe mata kunne. Saura yadda za a gaya wa Baba. Baban yara ya ce a cire kawai a yi shiru. Na ce a'a, zai gane, kuma zai fi jin zafi in ya san an lallaɓa shi kamar yaro. Inna ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin an dawo masa da aiki ba, ita ba ruwanta. Kin san ni da baki, amma ranar na rasa ta inda zan fara. Ina tsaye a ƙofar falo sai na ji ƴar rediyonsa tana labarai a gefensa. Na ɗauko gwangwanin biskit ɗin da Inna ke zuba zare da allura, na juye, na ce Baba ara mini rediyonka. Na sa ta ciki tana magana, na rufe murfin. Maganar ta ɗauke, sai shuu kawai ake ji. Na buɗe, mai labarai ya dawo. Na sake rufewa. Baba ya dubi gwangwanin, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya daɗe a haka. Sannan ya ce a miƙo masa sukudirebansa. Na buɗe baki zan ambaci likita, ya yi mini wani kallo da rabona da shi tun ina ƴar firamare, na je na ɗauko masa.

Haka muka hau, baban yara a gaba, ni a baya da hannuna a bayansa, muna tsayawa yana hutawa. Bai yarda kowa ya taɓa masa aiki ba. Ya kwance kusoshin a hankali yana zuba su a aljihun farar rigar, ni kuma ina gefe riƙe da waya, taswira a buɗe. Ya kama rigar kwanon da hannu biyu ya zare ta sama. Auta, kafin ya ajiye ta a ƙasa sai ga ɗan jirgi ya bayyana a gefen taswira. Na yi ihu. Sai ga wani, sai ga wasu biyu tare, sai suka shiga fitowa ta ko'ina, gabas da yamma, kusa da nesa, wasu ja, wasu kore, wasu shuɗi, kowanne da hancinsa inda ya dosa, kowanne yana jan siririn zare a bayansa. Sifilin nan da ya hana ni sakat ya koma lambobi suna gudu ido ba ya iya bi. Na miƙa wa Baba wayar.

Ya sa tabarau ya duba, ya ɗaga kai ya dubi sama. Ni ma na duba. Sama fes, shuɗiya, ko tsuntsu babu. Ya sake duban wayar. Na taɓa masa ɗaya, sai ga lambarsa, da nisansa daga ƙasa, da gudun da yake yi, na karanta masa. Ya tambaya ko duk waɗannan da mutane a ciki, na ce yawancinsu, wani ma ya ɗauki mutanen da suka fi na layinmu yawa. Ya yi tasbihi a hankali.  Duk shekarun nan muna shanya, muna faɗa, muna cin abinci a ƙarƙashin hanya mai cike da bayin Allah, wasu na barci, wasu na shayar da jarirai, kowane jirgi yana faɗin sunansa da inda yake ba dare ba rana, mu kuwa ba mu ji, sai da wani abu mai girman tafin hannu ya saurara mana. Baba dai ba ya yarda da abu sai ya gwada. Ya ɗauki rigar ya sake zura wa eriyar, jiragen suka tsaya cak suka fara dushewa. Ya zare, suka dawo. Sai ya yi ƴar dariya ya ce shi ya ƙare rayuwarsa yana kare abubuwa daga sama, yau ga abin da ba ya son komai tsakaninsa da ita, kuma ba mamaki tunda Auta ce ta kafa shi.

Ihuna ya sa Inna ta manta da gwiwa ta hauro da wuƙar albasa a hannu. Ta duba ta ce ita kam sun yi mata kama da tururuwa a kan tire, ta tambaya wane ne naki, na ce da saura. Mai gyaran waya ya rufe shagonsa ya zo. Muka shimfiɗa tabarma a inuwar tanki, aka hauro da abinci, ba wanda ya ci na kirki. Baba ya riƙe wayar ya ƙi saki, sai da baban yara ya jawo wayar wuta mai tsawo aka sa mata caji a hannunsa. Na rubuta lambar jirginki a wurin nema kamar yadda kika koya mini, muka zauna jira. Bayan la'asar kaɗan, a can saman taswira inda zobe na ƙarshe yake, sai ga wani sabo ya shigo, lambarsa ta haska. Na karanta, na sake karantawa, na ce Baba ga Auta. Ya ɗora yatsansa a gefen ɗan hoton, bai taɓa shi ba, wai kada ya dame ki kina aiki.

Na ɗauka a nan zai zauna ya kalle ki har ki wuce. Sai ya dafa sanda ya miƙe, ya ce a sauka, ba a rakiya daga saman bene, daga bakin ƙofa ake farawa. Muka sauko da shi kina ta matsowa a taswira. A bakin get kuma sai wata matsalar: intanet ɗin gida iyakarsa nan, in na ƙara taku taswirar za ta tsaya. Baba ya ce in tsaya a nan da wayar in riƙa gaya masa, shi zai yi gaba. Na tsaya ina faɗin ta kusa, ta kusa, ku dubi arewa, saitin saman tankin maƙwabta. Kowa ya ɗaga kai. Mai gyaran waya ne ya fara nunawa. Wani ɗan ɗigo mai ƙyalli, bai kai ƙwayar shinkafa ba, yana jan farin layi a bayansa, yana tafiya a natse ba ƙara ba gaggawa. Na dubi waya, na dubi sama, ɗigon nan da ɗan hoton nan abu ɗaya ne, kuma ƙanwata da na goya a bayana ce a gabansa riƙe da shi. 

Baba ya fara takawa. Kansa a sama, sanda a dama, baban yara riƙe da gwiwar hannunsa na hagu don kada ya yi tuntuɓe. Kika bi ta saman layinmu, kin ɗan karkata gabas, shi kuma yana bin ki a ƙasa da ɗan takunsa. Mai shago ya fito, masu hira a benci suka miƙe, ba wanda ya tambayi abin da ake yi, duk layin nan sun san inda Baba yake zuwa in ya sa farar riga ya nufi kwana. Da ya isa turken fitila ya tsaya, ya ba baban yara sandar, ya ɗaga hannunsa na dama sama, tafin a kife, daidai yadda yake dafa kanmu. Daga inda nake ina ganin leɓɓansa suna motsi. Sai a lokacin ƙarar jirgin ta iso mana, can ƙasa-ƙasa, bayan kin riga kin wuce.

Ɗigon ya yi ta ƙanƙancewa har ido ya rasa shi, farin layin ya fara bajewa. Baba bai sauke hannu ba. Ya aiko baban yara ya tambaye ni ko har yanzu kina cikin waya, na ɗaga murya na ce tana nan. Ya ci gaba da tsayuwa. Na ga hannun yana rawa don gajiya, ya tallafe shi da ɗayan. Ni kuma ina bin ki kina ratsa zobba ɗaya bayan ɗaya, har kika kai na ƙarshe, ɗan hoton ya tsaya, ya dushe, ya ɓace. Na ce Baba ta fita. Sannan ya shafa addu'arsa, ya karɓi sandarsa ya juyo. Da ya iso get bai dube ni ba, Inna ya duba, ya ce mata to, yanzu Auta ta tafi. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ranar ya ci abinci har da ƙari, abin da ya daɗe bai yi ba, kuma da kika kira, makogwaronsa ne ya cushe, shi ya sa ya yi saurin miƙa wayar.

Tun daga ranar na rasa tsohuwar wayata, ta zama tasa. Kullum bayan la'asar yakan sa a fitar masa da kujera bakin get, ya zaɓi jirgi ɗaya ya bi shi da ido tun daga shigowarsa har fitarsa, yana motsa baki. Na tsokane shi na ce Baba ai wannan ba na Auta ba ne. Ya ce ya sani, amma su ma ƴaƴan wasu ne, kuma wa ya sani ko a ciki akwai wanda ya fito ba a raka shi ba. Rigar kwanon tana kan kabad a falo, ya hana a yar, Inna tana zura laima a ciki. Na kwafi sabon katin a wani na ajiye kamar yadda kika ce, kwaɗon saman bene kuma na canza shi, ko da yake na san aikin banza na yi. Akwai tambaya ɗaya da ya ce in yi miki, kuma ki amsa da gaske don ya matsa: wai in aka yi mata hular roba, saƙon zai ratsa? Ki ji fa, Baba da bakinsa yana maganar roba, mutumin da ko bokitin roba ba ya yarda a shigo masa da shi gida.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce muna godiya da haƙurin da yake yi da wannan aiki naki. Ki sumbaci ƴar baƙuwa, ki gaya mata tana da uwa a nan mai allura. Ki miƙa gaisuwata ga surukarki, Allah ya saka mata da alheri kan riƙon jaririya in kina sama. Inna tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci, don ta lura jirgin naki ya fi sauran sirantaka. Goggo da Kawu sun zo sun ga taswirar, suna sa miki albarka. Baban yara da yaran duk suna gaisuwa, mai gyaran waya ma ya ce a gaishe da kyaftin.

Na karanta wa Baba takardar nan kafin in rufe, ya ce na cika surutu, amma bai ce in cire komai ba. Na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya daɗe yana juya sandarsa, sannan ya ce in rubuta miki cewa rakiya dai ya yi, tarba ce ta rage, ita kuwa ba a yin ta da hannu a sama, sai kin sauko ya dafa kanki.

Allah ya kiyaye mana ke a sama da ƙasa, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki